Abin Da Na Gani A Kom Ombo

'Yan'uwana mata, wannan mako zan ba ku labarin wani tsohon ɗakin bauta da na ziyarta a ƙasar Masar. Sunan garin Kom Ombo, yana bakin Kogin Nilu, kimanin mil 30 arewa da Aswan. Mun iso ta jirgin ruwa da la'asar, muka hangi ginin bisa tudu, ginshiƙansa na dutse sun yi ja da hasken rana.

An fara gina shi fiye da shekara 2,100 da suka wuce, aka raba shi biyu daidai saboda gumaka biyu. Ɗaya Sobek, mai kan kada. Ɗaya kuwa Horus, mai kan shaho, wanda suka ɗauka shi ke warkad da marasa lafiya. Kusa da ginin akwai ɗakin da aka jera gawawwakin kadoji waɗanda mutanen dā suka busar, suka ajiye don girmamawa.

Amma abin da ya tsai da ni yana can bayan ginin. A jikin bango an sassaƙa surar kayan aiki waɗanda masana da yawa ke cewa na likita ne: wuƙaƙe, da almakashi, da hantsaki, da ma'auni, da ƙoƙunan ƙaho irin na wanzamanmu. A gefensu ga surar mata biyu zaune bisa kujerar haihuwa. Na daɗe tsaye, ina tunanin iyaye mata nawa suka zo nan da yaro mai zazzaɓi a hannu.

Mutanen nan sun gaskata cewa cuta takan zo daga fushin gumaka ko miyagun iskoki. Saboda haka mai naƙuda takan rataya layar Tawaret, mai siffar dorina, don tsari. To, amma ba su tsaya nan ba. Akwai wata takardarsu da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ta bayyana raunuka iri 48. Cikin kowane, likita zai duba, ya taɓa, sa'an nan ya faɗi ko zai iya magani, ko zai gwada, ko kuwa abin ya fi ƙarfinsa. Sukan ɗinke rauni, su ɗora karaya, su shafa zuma. Cikin 48 ɗin nan, ɗaya kaɗai aka haɗa da surkulle.

Ga wata dabara kuma. In ana so a san ko mace na da ciki, sai ta riƙa zuba fitsarinta kan alkama da sha'ir. In sun tsiro, to akwai. A 1963 wasu likitoci suka gwada, suka tarar hatsin ya tsiro ga kamar bakwai cikin goma na masu ciki. Ba duka suka dace ba fa, gama har kashin kada sukan sa cikin maganin mata.

Mu dai Allah ya tsare mu daga bautar kada da shaho. Amma lalle akwai abin lura. Mutanen da ba su san Allah ɗaya ba, ba su naɗe hannu sun bar majiyyaci da laya kaɗai ba. Ina ga mu? In yaro ya kwana da zazzaɓi ko gudawa, a yi addu'a, a kuma goya shi zuwa asibiti tun da safe, kada a jira sai ya galabaita.

Ku kuma 'yammata na makaranta, ku sani an sami kushewa a Giza mai sunan wata mace, Feseshet, shugabar likitoci mata, fiye da shekara 4,000 da suka shige. Ku dage da karatu. Allah ya ba mu lafiya, amin.