Angulu Ba Ta Koma Gidanta Na Tsamiya Ba

Ranar Sallar Layya ta bara, a gidanmu na Gusau, bayan an yanka rago an feɗe, aka ba ni aikin da ake ba ni tun ina yaro: fitar da dattin tumbi zuwa bayan gida. Na juye shi gefen katanga, sai na ga kaina na ɗaga ido ina duban saman kwano. Na daɗe a tsaye kafin na gane abin da idona yake nema. A da, kafin ka juya baya, inuwa ta sauko. Wannan karon ƙudaje ne suka zo, sai wani kare mai dabbare-dabbare da ya tsaya nesa yana jiran in kauce.

Ban iya tuna ranar da na ga angulu ta ƙarshe ba. Na tambayi 'yan'uwana a wurin suyar nama, kowa ya yi shiru yana lissafi, aka rasa wanda zai faɗi shekara.

Ina ƙarami, hutun makaranta a 'Yandoton Daji nake yinsa wurin kakata, a kan hanyar Tsafe. Bayan gidanta akwai wata tsohuwar tsamiya da angulaye suke kwana a kai. Da hantsi, idan rana ta fara zafi, sai su tashi ɗaya bayan ɗaya, su riƙa zagayawa a sama ba tare da kaɗa fiffike ba, har su zama ɗigo-ɗigo. Idan na ɗauki dutse zan jefe su, takan leƙo ta ce, “Maigida, bar su. Mi sunka yi maka? Shara suka yi muna, ba mu biyansu.” Ba ta son su, kamar yadda babu mai son su. Harshenmu ma shaida ne: idan an yaudare ka an yi maka angulu da kan zabo, idan an ga mutum yana kai-komo inda ba a gayyace shi ba a ce angulu ba ta jewar banza. Tsuntsuwar da ta shiga karin magana haka, tana cikin rayuwar yau da kullum ne ƙwarai. Yanzu karin maganar na nan, mai ita ta tafi.

A aikin jarida an koya mana mu ba da labarin abin da ya faru. Abin da ya daina faruwa ba shi da ranar da za a rubuta a saman rahoto. Kuma a Zamfara, inda muka shafe fiye da shekara goma muna ƙidayar mutanen da aka kashe da waɗanda aka sace da garken da aka kora, wanda ya tashi yana ƙidayar tsuntsaye zai iya jin kunyar kansa. Na ji wannan kunyar kafin in fara rubutun nan. Abin da ya rinjaye ta shi ne fahimtar cewa maganar ta shafi lafiyar waɗanda suka rage a raye.

Akwai reshen ilimi da ke nazarin alaƙar halittu da junansu da kuma wurin da suke zaune. Wani masani Bajamushe, Ernst Haeckel, shi ya raɗa masa suna ikoloji a 1866. A 1935 wani Bature ɗan Ingila, Arthur Tansley, ya ƙara da cewa kada a dubi tsirrai da dabbobi su kaɗai, a haɗa su da ƙasa da ruwa da iska da hasken rana a matsayin tsari guda. Manomin Bungudu bai jira su ba. Ya san gero yana yin kyau a ƙarƙashin gawo, ya san gonar da Fulani suka yi mashekari a kanta da rani ta fi ta maƙwabcinsa yabanya. Abin da ilimin ya ƙara shi ne awo da lissafi.

Lissafin farko na ƙarfi ne. Tsirrai ne kaɗai, a cikin abin da idonmu ke gani, suke iya kama hasken rana su mai da shi abinci. Saura duk ci muke yi: akuya ta ci ganye, kura ta ci akuya. A 1942 wani matashin masani a Amurka, Raymond Lindeman, ya nuna cewa a kowane mataki na wannan sarƙa mafi yawan ƙarfin yana salwanta a numfashi da motsi da ɗumin jiki, abin da ke wucewa gaba kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai. Duk wanda ya taɓa turke rago wata shida ya san wannan ko bai san sunansa ba. Ya tuna buhunan dusa da daurin harawa da suka shige, ya dubi naman da ke cikin kwarya. Shi ya sa ciyawa take da yawa, masu cinta suke da dama, masu cin masu cinta suke 'yan kaɗan.

Lissafi na biyu shi ne wanda darasin makaranta ke wucewa da sauri, kuma shi ne ya dame ni. Ƙarfi daga rana yake zuwa kullum, ya wuce, ba ya dawowa. Amma sinadaran da aka gina jiki da su, waɗanda ke cikin ƙashi da jini da tsoka, ba a aiko da sababbi daga ko'ina. Na ƙasar nan ne suke zagayawa. Saniyar da ta mutu a daji ta ranto su ne daga ciyawa, ciyawa ta ranto daga ƙasa, kuma dole wani ya mai da bashin. Masu wannan aiki runduna ce: kura da dila da angulu su fara, tsutsa da buzuzu da gara su karɓa, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ƙarasa. Babu wanda ke yi musu kirari. Idan ɗaya ya fita daga layi aikin ba ya tsayawa, sai dai ya yi jinkiri, kuma wani ya shigo gurbin. Tambayar ita ce wane ne zai shigo.

An ƙera angulu don wannan aiki tun daga kai har ciki. Sanƙon da muke yi mata dariya a kansa yana rage mata ɗaukar ƙazanta idan ta cusa kai cikin mushe. Ruwan cikinta yana da tsami mai tsananin ƙarfi, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da za su kwantar da kare ko mutum. Tashinta kuma kusan kyauta ne, domin iskar zafi mai hawa sama take hawa, shi ya sa takan jira hantsi. Tana iya duba ƙasa mai faɗin gaske ba tare da ta gaji ba, kuma kowace tana lura da 'yar'uwarta, idan ɗaya ta sauka saura su biyo. Gawar da za ta kwana huɗu tana wari, taron angulaye kan gama da ita cikin sa'o'i.

Ba iri ɗaya ba ne ma. Ta cikin gari, wadda muka saba da ita a mayanka, ƙarama ce mai siririn baki, gwanar tsince abin da ya maƙale a ƙashi. Akwai babbar ta daji mai dogon wuya da ƙaƙƙarfan baki, wadda ke fara shiga cikin gawa. Masu nazarin tsuntsaye sun rubuta cewa irin wannan babbar, da suke kira da sunan Rüppell, tana sheƙa a jikin Dutsen Kwatarkwashi, nan ƙasar Bungudu, kuma tsofaffi suna ba da labarin bikin baura, lokacin da samari kan hau dutsen su kamo mikiya. Wannan tsuntsuwa ce ta yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a 1973, a tsayin kusan mita 11,300, tashi mafi nisa da aka taɓa tabbatarwa ga wani tsuntsu. Sau nawa na wuce gindin dutsen nan a mota ina kallon waya.

Abin da ke faruwa idan aka rasa su, Indiya ta gani da idonta. A shekarun 1990 makiyaya can suka fara ba shanu wani maganin ciwon jiki mai araha, diclofenac. Duk angulun da ta ci gawar saniyar da aka yi wa allurar kwanan nan, ƙodarta kan lalace ta mutu. Tsakanin 1992 da 2007 wani nau'in ya ragu da kashi 99.9 cikin 100. Sai a 2004 aka gano dalilin, a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Kafin nan gawarwakin shanu sun taru, karnukan da ba su da masu su sun yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin angulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da adadinsa. Ko an raba shi biyu, abin da ya rage ya isa.

Namu dalilin daban ne, kuma ya fi nauyin faɗi, domin Indiyawa ba da gangan suka yi ba. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a kan angulayen Afirka ya nuna cewa a cikin mace-macen da aka rubuta, kusan kashi 61 guba ce, kusan kashi 29 kuma cinikin sassan jikinsu ne don magani da tsafi. A 2015 hukumar IUCN ta saka angulun cikin gari da ta Rüppell duka a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. A 2020 an tsinci fiye da 1,600 a mace a Gini Bisau, da yawa an sare musu kai. Najeriya na cikin manyan kasuwannin wannan haja, kuma duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan magani a babbar kasuwa ya ga busasshen kai mai lanƙwasasshen baki a kan tabarma.

Ina da hannu a ciki, gwargwadon ƙuruciyata. Wata shekara wani baƙo ya zo bayan mayanka ya ce duk yaron da ya nuna masa inda suke kwana zai ba shi naira ashirin. Ni na kai shi gindin tsamiyar kakata. Na sayi alewa da ƙuli-ƙuli, ban gaya mata ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne angulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta yi kusan kwana hamsin tana kwanci, sannan ta yi watanni tana ciyar da ɗan. Tattabara idan ka kashe goma, kafin shekara an mai da gurbinsu. Halittar da ke haihuwa a hankali, asara kaɗan a kai a kai ta isa ta ƙarar da ita, kuma da yake tana da tsawon rai, za ka ci gaba da ganin tsofaffin a sama shekaru bayan an daina samun ƙanana.

Ba zan ɗora komai a kan masu tsafi ba. Manyan itatuwan da take sheƙa a kai sun tafi gawayi da katako, wanda ya ga lodin buhunan da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san inda suka nufa. Makiyayin da ya zuba guba a mushe don kura ko kare, angulu ce ke fara sauka. Talauci ma ya shiga: abin da mahauci kan jefar a da, yanzu yana da mai saye.

Na je Tsafe na sami wani dattijon mahauci da ya san mahaifina. Bayan gaisuwa na ce, “Baba, ina angulayen da ke cika wurin nan?” Ya ajiye wuƙa ya ce, “Ɗana, kai ma sai yanzu ka tuna da su? Da, in mun tashi, kahin la'asar wurin ga ya yi fes. Yanzu dubi.” Na duba. Kwata ce mai baƙin ruwa tana gangarawa bayan gidaje, karnuka uku kwance a bakinta, yara suna wasa ba nisa. Kare yana cin abin da angulu ke ci, amma cikinsa ba ya kashe cuta yadda nata ke yi, yana haihuwa da yawa, kuma da dare gida yake shiga.

A watan Janairun 2025 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar cutar saifa a wata gonar dabbobi a Zamfara. Ba zan ce rashin angulu ne ya kawo ta ba, ƙwayar wannan cuta tana iya kwanciya a ƙasa shekaru masu yawa. Amma umarnin likitocin dabbobi a irin wannan hali shi ne kada a feɗe dabbar da ta faɗi ta mutu, a ƙone ta ko a binne da zurfi. Har gawar da ba ta saifa ba, aikin kawar da ita da ake yi mana kyauta yanzu sai an nemi mai da itace da shebur da ma'aikaci, a ƙauyukan da ma'aikaci ba ya iya shiga.

A hanyar dawowa na tsaya 'Yandoto. Kakata ta rasu, gidan yana hannun wani kawuna. Tsamiyar tana nan, an sassare manyan rassanta na sama, kututturen ya fitar da sabon toho. 'Yata mai shekara shida tana tare da ni, na ce mata nan ne angulu take kwana. Ta ce, “Baba, mece ce angulu?” Na ciro waya na nemo mata hoto. Ta duba da kyau, ta ce kanta kamar na tsoho, sannan ta tambaye ni ko akwai ta a gidan zu na Kano.