Nauyin da Muka Ɗora wa Kalmar "Yanayi"

A shekarun baya wata ƙungiya ta ba ni aikin fassara takardar wayar da kan manoma daga Ingilishi zuwa Hausa. Da na ci karo da "climate change", ban yi wata-wata ba na rubuta "sauyin yanayi", kamar yadda gidajen rediyo suka saba. Ranar da aka karanta takardar a wani ƙauye, sai wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, yau aka fara? Ai yanayi bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Hunturu ya fita, bazara ta shigo, damina ta biyo, sai kaka." Aka yi dariya, aka watse. Shawarar da muka je da ita, ta shuka iri mai saurin nuna, ko kallo ba ta samu ba.

Dattijon bai yi kuskure ba, fassarata ce ta gaza. Ingilishi ya rarrabe abubuwan da na cure wuri ɗaya. "Weather" shi ne halin da sama ke ciki yau ko wannan mako. "Climate" kuwa shi ne abin da ƙasa ta saba gani a tsawon zamani, wanda masana kan auna da shekara 30. Asalinta daga Girkanci ne, "klima", wato karkata, domin Girkawa sun danganta zafi da sanyin ƙasa da yadda hasken rana ke sauka a kanta. "Atmosphere" ita ma daga can ta fito, daga kalmomin tururi da dunƙule. Tana nufin iskar da ta lulluɓe duniya, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa halin da taro ke ciki, na raha ko na zaman ɗar-ɗar. Duka ukun mukan ce "yanayi", ga kuma yanayin jiki da yanayin rayuwa.

Haka lamarin yake ga "environment", wadda ta samo asali daga kalmar Faransanci mai nufin kewaye. Mun ba ta "muhalli", wadda muka aro daga Larabci, kuma Bahaushe ya fi saninta da ma'anar mazauni. A labarai ɗaya sai a ce ambaliya ta raba mutane da muhallansu, a kuma ce sare itatuwa na gurɓata muhalli.

Wannan ba talaucin harshe ba ne. Hausar da ta bambanta ɗari da sanyi, ta san yayyafi da marka da hazo da raɓa, ba za a ce ta rasa bakin magana a kan sama ba. Tunanin ma akwai shi. Da na koma wajen dattijon nan na ce, "Baba, yaya daminar ƙuruciyarku take in an kwatanta da ta yanzu?" sai ya gyara zama. Ya kawo farin 1973 da na 1984, da fadamar da ta ƙafe, da ruwan shuka da ya daina cika alkawari. Abin da Bature ke kira "climate change" ke nan, ya bayyana shi tsaf ba tare da ya ambaci "yanayi" ba.

"Sauyin yanayi" ta riga ta zauna a baka, tumɓuke ta zai yi wuya. Amma ina ganin wajibin manazarta ne mu tantance ma'anonin nan a ƙamusoshinmu da darussan fassara, kada mu bar kalma ɗaya tana ɗaukar kayan uku. Ni dai tun daga ranar, aikin farko da nakan ba ɗalibaina shi ne su bayyana wa kakarsu ma'anar "climate" ba tare da sun furta "yanayi" ba. Waɗanda suka tashi a karkara su suka fi cin wannan jarrabawa.