Yini Ɗaya a Baleta, Birnin da Dattijo Zai Iya Takawa da Ƙafarsa

Rana ba ta gama ɗagowa ba jirgin ruwanmu ya shiga tashar Baleta, babban birnin ƙasar Malta. Daga saman jirgin, abin da ido ke fara cin karo da shi ganuwa ce doguwa ta dutse mai launin zuma, ta taso tun daga bakin ruwa, gidaje da hasumiyoyi jere a kanta. Uwargida ta ɗaga kai ta dube ta, ta dubi sandata, ta ce, "Alhaji, can sama za mu da wannan gwiwar taka?" Na ce mu dai sauka mu gani.

Malta 'yan tsibirai ne a tsakiyar Bahar Rum, ƙasa da kilomita 100 kudu da Sisili ta Italiya, Libiya kuma tana kudu da ita. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 316 ne, mutanenta sun ɗan haura rabin miliyan. Jirgin da ya kawo mu kuwa otal ne mai tafiya a kan ruwa: ana barci yana tafiya, a wayi gari a wata ƙasa, a yini, a koma ciki da la'asar. A shekarar 2019 kaɗai fasinjojin irin waɗannan jirage da suka bi ta wannan tasha sun haura 900,000. Yawancin waɗanda muka sauka tare masu furfura ne, wasu da sanda ɗaya, wasu da biyu irin na masu hawan dutse, wasu ana tura su a keke.

A bakin tasha manyan motoci sun yi layi suna jiran waɗanda suka biya kuɗin zagaye tun a cikin jirgi. Mu ba mu biya ba. Wani ma'aikacin tasha da na tambaya ya nuna hannun dama ya ce in bi bakin ruwa kawai, ba hawa ba gangara. Kafin mu kama hanya mun tsaya kallon tsofaffin rumbunan tashar, guda 19 a jere, waɗanda aka gina a 1752. Ƙofofinsu launi-launi ne, kuma an ce a da launin ke nuna abin da ke ciki: shuɗi kifi, rawaya alkama, kore kayan lambu, ja giya. Yanzu duk sun koma wuraren cin abinci da kantunan tsaraba.

Tafiyar kamar minti goma ta kai mu gindin ganuwar, inda amsar tambayar uwargida take tsaye. Lifta ce mai tsawon mita 58, manne da jikin dutsen, an buɗe ta a 2012 a gurbin wata tsohuwa da ta yi aiki daga 1905 zuwa 1973. Ɗakuna biyu gare ta, kowanne na ɗaukar mutum 21. Kuɗinta Yuro 1, hawa da sauka. Layin ya fi hawan daɗewa, don kafin rabin minti mun kai sama. Akwai matakala ga mai son gwada ƙarfinsa, na kuwa ga wasu samari sun kama ta, sai na yi musu fatan alheri.

Liftar tana sauke mutum cikin lambun Barrakka na Sama, kuma a nan ya kamata dattijo ya fara zama. Akwai benci, akwai inuwa, akwai makewayi. Daga baranda ana hango tashar gaba ɗaya, da garuruwa uku da ke hayi, da jirginmu a ƙasa kamar an ɗauko bene mai hawa goma sha wani abu an kwantar a kan ruwa. Ƙarƙashin barandar igwoyi ne a jere, bakinsu na duban teku.

Waɗannan igwoyi da ganuwa ba ado ba ne. A 1565 rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi wa tsibirin ƙawanya kusan wata huɗu, tana yaƙar mayaƙan Kirista na ƙungiyar Saint John da ke mulkin wurin. Da Turkawa suka janye, shugaban mayaƙan, Jean de Valette, ya aza tubalin sabon birni a 1566 a kan wannan tudu, birnin ya ci sunansa. An zana shi ne kafin a gina, shi ya sa titunansa suke miƙe sambal, suna giftawa da juna kamar gidajen dara. Da wuya baƙo ya ɓata, domin ko ina ya leƙa ƙarshen titi ruwa zai hango.

Abin da ya fi amfanar mai rauni a gwiwa shi ne ya gane siffar garin. Baleta kamar bayan kifi take: tsakiya tudu, gefe biyu gangara zuwa teku. Babban titin, Titin Jamhuriya, ya bi ta ƙashin bayan, daga ƙofar gari zuwa sansanin Saint Elmo, kimanin kilomita ɗaya. Rabinsa na farko shimfiɗaɗɗe ne, kuma da rana na masu ƙafa ne. Titunan da suka ratsa shi su ne masu matakala. Ana cewa an yi matakalar gajeru ne don mayaƙa masu sanye da sulke su iya hawa ba sai sun lanƙwasa gwiwa sosai ba. Ko ma mene ne dalili, sun yi wa tsoho daidai, sai dai ƙafafun shekaru ɗari huɗu sun goge dutsen ya yi santsi. Takalmi mai ƙasan roba ya fi silifa a nan.

Daga lambun muka wuce ta gaban ofishin Firayim Minista, muka fita ƙofar gari don mu shigo ta yadda ya kamata. Ƙofar sabuwa ce, ita da majalisar dokoki da ke gefenta, wadda aka buɗe a 2015. Da ƙarfe tara titin sakayau yake, 'yan gari na hanzarin zuwa aiki. Da ƙarfe goma da rabi sai da gogayyar kafaɗa. Mazauna cikin ganuwar ba su wuce dubu shida ba, don haka ranar da manyan jirage biyu suka haɗu, baƙi na iya fin 'yan gida yawa. Wanda ya fito da sassafe ya tsere wa cunkoso da zafin rana, mu ma da muka je a watan Oktoba mun nemi inuwa.

A tsakiyar titin akwai babbar majami'ar Saint John, wadda aka gama a 1577. Daga waje gini ne ba ƙawa, daga ciki kuwa bango da rufi duk zane ne da ruwan zinari, daɓen kuma kaburbura ne kusan 400 na mayaƙan, kowanne an lulluɓe shi da marmara mai launi. A nan ne wani zane da Caravaggio, mai zane ɗan Italiya, ya yi a 1608 yake. Mun tarar da kuɗin shiga Yuro 15, da ragi ga dattawa. Ba a shiga da takalmi mai tsinin dunduniya don kada a ɓata daɓen, kuma sai an rufe kafaɗa. Uwargida da mayafinta ba wanda ya tsayar da ita.

Muka samu benci a dandalin Saint George, gaban tsohuwar fadar shugabannin mayaƙan, muka zauna muna kallon barandojin katako rufaffu, kore da ja da shuɗi, da suka fito daga jikin gidaje. Wani dattijo ɗan gari da ke zaune kusa da mu ya tambayi inda muka fito, da Turanci, domin Ingila ta mulki Malta har zuwa 1964, ta bar musu harshenta da tuƙi ta hannun hagu da soket mai ƙafa uku irin namu. Na ce masa kunnena yana tsintar wasu kalmomi a yarensu. Ya yi dariya ya fara jero ranakun mako, na ji Tnejn, Tlieta, Erbgħa, Ħamis, Ġimgħa. Na mayar masa da Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Muka koma ƙirga, hamsin ɗinsu da sittin ɗinsu kamar a bakin ɗan kasuwar Kurmi. Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, suka riƙe shi sama da shekara 200, kuma yaren Malta daga Larabci ya tsiro, ko da yake da haruffan boko ake rubuta shi. Mutanen Kiristoci ne 'yan Katolika, amma Ubangiji Alla suke kiransa, azuminsu kuma Randan. Uwargida ta ce, "Ikon Allah, ashe ruwa ɗaya muka ɗiba."

Yunwa ba ta da tsada a Baleta idan an san inda aka nufa. A 'yan ƙananan shaguna ana sayar da pastizzi, wani gasasshen fulawa mai ɓawo-ɓawo da aka cusa wa cuku ko wake kore, bai kai Yuro 1 ba. Akwai ftira, burodi mai rami a tsakiya da ake cika shi da kifi da tumatir da man zaitun, shi muka ci. Abincin da suke taƙama da shi naman zomo ne, amma da giya ake yawan dafa shi, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya sa hannu. Zama a kujerun da ke kan babban titi shi ke cin kuɗi, titi ɗaya baya farashi ya sauka. Ruwa kuwa a riƙe gora. Malta ba ta da kogi, kaso mai yawa na ruwan famfonta daga teku ake tace shi, kuma harshe yana ganewa. Babban masallacin ƙasar yana garin Paola, can hayin tasha, sai an hau mota.

Daga dandalin titi ya fara gangarawa zuwa Saint Elmo. Na auna dawowar na haƙura, domin duk abin da aka gangara sai an hawo shi. Ga wanda ya matsu akwai 'yan ƙananan motoci masu aiki da lantarki da ke shiga lungu-lungu, akwai kuma keken doki, wanda sai an yi ciniki tun kafin a hau. Mu dai muka juya ta Titin 'Yan Kasuwa, muka leƙa tsohuwar kasuwar rufi da suke kira Suq, muka koma lambun Barrakka kafin sha biyu. Barandar ta cika maƙil. Wasu mutane cikin kakin sojan Ingila na da suka ɗura igwa, ƙarfe sha biyu daidai ta tashi, tattabaru suka watse. A da da wannan ƙara matuƙan jiragen ruwa ke daidaita agogonsu. Kallo daga baranda kyauta ne.

Bayan mun sauko ta lifta, muka tsallaka titi zuwa inda ake hawa dgħajsa, kwale-kwalen gargajiya mai fentin launi-launi, mai ɗaukar mutum shida. Yuro biyu zuwa uku ne a kan kowa, minti goma a kai Birgu, garin da mayaƙan suka zauna kafin a gina Baleta. Shiga cikinsa na buƙatar hannun taimako, matuƙin kuwa ya miƙo nasa tun ban roƙa ba. Wanda ke tsoron tangaɗi ya hau babban jirgin fito da ke kusa. Birgu shiru take, lunguna ƙunci, tukwanen furanni a ƙofar gidaje, mutane tsilla-tsilla. Wanda cunkoson babban titi ya gajiyar, nan ne wurin shan iska.

Mun koma jirgi da sauran awa guda cur, da gangan, domin jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa ya makara. Tafiyar da muka yi da ƙafa ba za ta wuce kilomita biyar ba, mun zauna sau biyar, kuma in aka cire kuɗin shiga majami'a, abin da mu biyu muka kashe bai kai Yuro 30 ba. Waɗanda suka bi manyan motoci sun ga wurare fiye da mu, amma a teburin cin abincin dare mu muke da labarin ranakun mako.

Dattijon da Allah ya nufa da wannan tafiya, ya nemi bizar Shengen da wuri, ya sayi takalmin kirki, ya riƙe sandarsa ba kunya. Ya fito da sassafe, ya hau lifta, ya bi tsakiyar gari, ya zauna tun bai gaji ba.