Yaranmu da suka gama karatu suka shiga aikin bishara: nauyin yana kan wa?

 

Kowace shekara ofishin sakatare yakan tattara sunayen yaranmu da suka gama karatu, domin a karanta su a taron ƙarshen shekara. A gaban kowane suna muna rubuta abin da yaron ya karanta da inda ya nufa. Wani ya tafi bautar ƙasa, wata ta samu aiki a asibiti, wani yana jiran kira daga kamfani. A 'yan shekarun nan akwai wata amsa da take ƙara fitowa a takardar: ya tafi filin bishara, ta shiga makarantar tauhidi, an ba shi ƙaramar ikilisiya a ƙauye. Idan aka karanta sunan wanda ya samu aiki a banki, ɗaki yakan cika da tafi da guɗa. Idan aka zo kan waɗannan, akan ce "Allah ya taimaka", sannan kowa ya saci kallon iyayen yaron. A kan wannan kallon muke so mu yi magana yau.

Da farko mu faɗi gaskiyar iyaye, domin suna da gaskiya. Yawancinmu da muke zaune a Agege, Obalende, Idi-Araba da barikokin soja da na 'yan sanda, ba daga cikin yalwa muke biyan kuɗin makaranta ba. Wani gadi yake yi dare da rana, wani direba ne, wata tana soya ƙosai a bakin titi tun asuba. Akwai wanda ya aika gida aka sayar da akuya ko buhun masara don a cika kuɗin zango. Duk wanda ya yi haka yana da lissafi a ransa: yaron nan zai gama, ya kama aiki, ya ɗauki ƙannensa biyu ko uku, mu kuma mu ɗan sarara. To, ranar da yaron ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, Ubangiji yana kirana zuwa aikinsa", lissafin nan ya rushe. Uban da ya yi shiru a wannan rana kada a ce masa marar bangaskiya. Kuɗin haya yake tunawa, da ƙannen da suke layi.

Yaran su ma suna da tasu gaskiyar, kuma hanyar da suke bi tsohuwa ce. A nan Legas ɗin da muke zaune, a watan Disamba na 1893, samari uku suka sauka daga jirgin ruwa da niyyar shiga ƙasar arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekara ta zagayo biyu daga cikinsu sun rasu da ciwo, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Sai a 1902 mishan ɗin da suka fara, wato SIM, ta samu wurin zama a Patigi. Daga wannan aiki ECWA ta fito a 1954. Tun kafin nan, a 1948, an riga an kafa ƙungiyar da muka sani yau da sunan EMS, domin 'yan ƙasa su riƙa aika 'yan uwansu 'yan ƙasa zuwa wuraren da babu ikilisiya. Rabaran Panya Baba, ɗan Karu, ya yi shekaru masu yawa yana shugabantar ta kafin ya zama shugaban ECWA.

Makarantun da suke horar da ma'aikatan nan ma duk mun san su. Ta Kagoro ta samo asali tun 1931. Akwai ta Igbaja a jihar Kwara, inda marigayi Byang Kato ɗan Kwoi ya yi karatu kafin ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta nahiyar. An buɗe TCNN a 1959, kuma tana nan a Bukuru. JETS ta Jos ta zo a 1980. 'Yan COCIN suna da Gindiri, 'yan EYN suna da makarantar Kulp a Kwarhi kusa da Mubi. Da wuya a sami faston da ya yi wa ɗayanmu baftisma ko ya ɗaura masa aure wanda bai ratsa ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare ba.

Abin da ya canza shi ne irin mutanen da suke tafiya. A zamanin kakanninmu, mai bishara yawanci manomi ne da ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya ɗauki matarsa da fartanyarsa ya tafi. Yanzu masu digiri ne da difloma. Yaro yakan fara da FCS a sakandare, ƙungiyar da take nan tun 1957, ya ci gaba da FCS ko NIFES a babbar makaranta, sannan a shekarar bautar ƙasa ya shiga zumuntar Kirista masu bautar ƙasa, wadda take kai su ƙauyuka wa'azi da raba magani da tufafi. A irin wannan fita ne da yawa suke fara ganin garin da babu asibiti, babu makaranta, babu ɗakin sujada, sai abin ya tsaya musu a rai. Ƙungiyar CAPRO ma haka ta fara a Zariya a 1975, a hannun matasa masu ilimi da bautar ƙasa ta kai su arewa. Saboda haka idan yaronmu ya dawo daga bautar ƙasa da wannan magana, a hanya ya tsince ta, hanyar da mu da kanmu muka ɗora shi a kai tun daga makarantar Lahadi.

Yanzu mu zo kan abin da aikin yake ci. Ma'aikacin bishara a ƙauye yana rayuwa ne da abin da masu tallafi suka aiko, da ɗan abin da ya noma. Idan ikilisiyar da ta yi alkawari ta shiga aikin gini, tallafin yakan yi jinkiri. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota daga filin aiki zuwa gari ya ninka, babur ɗin da yake zagaya ƙauyuka da shi kuma ba ya shan ruwa. Matarsa za ta haihu, asibiti yana da nisa. Yaransa za su isa shiga makaranta, sai an tura su wurin dangi a gari. Ga kuma rashin tsaro. Ba mu manta da watan Oktoba na 2014 ba, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Kwarhi, hedkwatar EYN da makarantar Kulp suka watse, ɗalibai da malamai suka gudu da abin da yake jikinsu. Yau kuma a wurare da dama a Kaduna, Neja, Zamfara da Katsina, masu garkuwa da mutane ba sa tambayar abin da ya kawo ka ƙauyen. Uwar da take kuka idan 'yarta ta ce za ta tafi, labarai take saurara a rediyo kamar kowa.

Biyu daga cikin yaran ƙungiyar nan sun isa misali, ko da ba mu kama suna ba. Ɗaya ta karanta aikin lafiya a matakin farko. Kafin ta tafi ta zauna da iyayenta da dattawan ikilisiyarsu, aka san wadda za ta aike ta, aka san wanda zai riƙa duba ta, zumuntar mata ta ɗauki nauyin wani kaso duk wata. Yau tana riƙe da ƙaramin ɗakin shan magani a wani ƙauye, kuma mutanen garin, Kirista da Musulmi, ƙofarta suke ƙwanƙwasawa idan naƙuda ta tashi da dare. Ɗayan saurayi ne mai himma ƙwarai. Ya tashi da zafin zuciya bayan wani taron farkawa, bai jira kowa ba, babu wanda ya aike shi a rubuce, babu wanda ya ɗauki nauyinsa. Bai cika shekara biyu ba ya dawo da ciwo da bashi, yana jin kunyar shiga taro. Ba mu ce kiransa ƙarya ba ne. Bambancin da muka gani tsakaninsu shi ne ita tana da mutane a bayanta, shi kuwa ya tafi shi kaɗai. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ko a Littafi Mai Tsarki haka abin yake. Ikilisiyar Antakiya ce ta keɓe Bulus da Barnaba, ta yi addu'a, ta sallame su, kuma wurinta suka dawo suka ba da labarin aiki. Ikilisiyar Filibi ta sha aika wa Bulus da gudummawa. Shi kansa yana da sana'ar ɗinkin tanti da yake ci da ita idan hali ya yi. Wanda ya tafi da wanda ya aika, aiki ɗaya suke yi.

Saboda haka ga abin da muke roƙon yaranmu masu wannan niyya. Ku faɗa da wuri, tun kuna aji biyu ko uku, kada ku bari sai ranar da kuka karɓo takardar shaida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan iyaye sun sani da wuri za su sake lissafi, a san yadda za a yi da ƙanne. Ku tafi ta hannun ikilisiya ko ƙungiyar mishan da aka sani, wadda take da adireshi da shugabanni, wadda za a iya kira idan wani abu ya faru. Ku tambaye ta a fili: wa zai biya magani idan na kwanta, yaya za a yi da karatun yarana, wane shiri ake da shi idan wurin ya rikice? Tambayar nan ba ta rage bangaskiyar kowa. Kuma kada ku jefar da abin da kuka karanta. Wanda ya karanci aikin gona, koyarwa, lafiya ko gyaran lantarki yana da abin da zai ci da shi, yana kuma da abin da zai sa gari ya karɓe shi.

Sai maganar harshe, wadda ta shafi yaran da aka haifa a nan. Da yawansu suna jin Hausa amma ba sa iya karanta ta; Turancin buroka da Yarabanci sun fi zama a bakinsu. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa yana hannun mutane tun 1932, kuma har gobe da Hausa ake sujada a yawancin ƙauyukan da za a tura ku, kafin ma a zo kan yaren garin. Wanda ya tsaya gaban tsofaffi yana in'ina a karatun nassi zai sha wuya kafin a saurare shi. Ku riƙa shiga sujadar Hausa, ku karɓi karatu, ku zauna da 'yan Sabon Rai ku koyi yadda ake magana da mutanen karkara.

Mu kuma da muke zaune a gari, ga namu. Ƙungiyarmu ta 'yan gari ɗaya ce, kuma akwai 'yan uwanmu Musulmi a cikinta, waɗanda su ma sun san irin wannan nauyi idan yaro ya bar neman aikin albashi ya zauna karantarwa. Don haka ba mu kawo shawarar a taɓa asusun ƙungiya ba. Kuɗin wata-wata na rasuwa ne da ciwo da biki, kamar yadda tsarinmu ya ce. Abin da muke kawowa shi ne waɗanda suka ga dama su haɗa kansu, su yi alkawarin abin da za su iya duk wata, komai ƙanƙantarsa, a rubuta a littafi dabam, mutum biyu su sa hannu, a riƙa karanta rahoto. Ƙaramin abu da yake zuwa a kan lokaci ya fi babban alkawari da aka yi a gaban jama'a aka manta.

Ba kuɗi kaɗai ba. Wanda yake da ɗaki zai iya sauke ma'aikaci idan ya zo ganin likita. Wanda yake da hali zai iya ɗaukar kuɗin makarantar ƙane ɗaya a gidan da babban ya tafi, domin a nan ne ainihin ciwon iyaye yake. Direbobinmu da suke hawa arewa za su iya kai saƙo. Kowa kuma yana iya sa kati a waya ya kira ya ce, "Ɗan'uwa, yaya aiki, yaya iyali?" Waɗanda suka zauna a filin aiki sun sha faɗa mana cewa shirun mutanen gida ya fi yunwa ciwo. Zumunci a ƙafa yake, yanzu kuma har a waya.

Haka nan wanda ya tafi ya dawo, kada mu sa shi a baki. Wani lafiya ce ta hana, wani rikici ne ya kore shi, wani ya gane aikinsa yana wani wuri. A nema masa aiki kamar yadda ake nema wa kowane ɗanmu, a ba shi kujera a taro.

Ba muna cewa kowane yaro ya tafi ba. Muna bukatar likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa, kuma su ne ma za su riƙe masu tafiya. Amma yaron da ya zauna ya yi tunani, ya nemi shawara, ya zaɓi wannan hanya da idonsa a buɗe, kuɗin makarantarsa bai faɗi ƙasa banza ba. Mu kanmu da muke karanta wannan rubutu, da yawanmu a makarantar mishan iyayenmu suka koyi baƙi, a hannun wani malami da shi ma ya bar gidansu ya zo garinmu.

Za mu sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa. Iyayen da yaransu suke filin aiki ko makarantar tauhidi, don Allah ku ga sakatare kafin ranar, ku ba da sunan yaron da wurin da yake da ƙungiyar da ta aike shi, domin mu san su nawa ne. Masu shawara ko gyara, ƙofa a buɗe take.

Allah ya kiyaye yaranmu a duk inda suke, ya ta'azantar da iyayensu, ya bar mu tare. Amin.

Sakataren ƙungiya