Albasar Kwaɗi a Tukunya

'Yan'uwana mata, in kun tashi daga Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1929, kuka nufi Zurmi ko Shinkafi da farkon damina, ku dubi bakin fadama. Za ku ga albasar kwaɗi ta yi fure, fari mai jan ratsi. Tana yi a gida ma. Ku sayi tukunya a kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ku huda gindinta, ku zuba tsakuwa, sa'an nan ƙasa da yashi da busasshen taki. Ku binne kan, wuyan a waje. In ruwa ya kwanta ruɓewa take yi. Amma fa dafi gare ta. Ku nisanta ta da yara, kada a ɗauke ta albasar miya.