Bado da Kainuwa a Sanyin Ingila

Mu da ke zaune a arewacin Ingila, da zarar Oktoba ta kama mun san aiki na jiran mu a bayan gida. Muna da ɗan kududdufi na ado, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. A ciki akwai bado da kainuwa, da 'yan kifaye, da kwaɗin da suka zo ba gayyata. Abin da muka yi masa a wannan watan shi ke nuna wanda zai kai Afrilu da rai.

Da tantancewa muke farawa, don ba kowace shuka ce ke jure sanyi ba. Badon ƙasar nan ɗan gida ne. Mukan yanke ganyensa da ya yi rawaya, mu tura tukunyarsa can inda ya fi zurfi, kamar santimita 60. Dalili kuwa, ruwa ya fi nauyi idan yana kan digiri 4, sai ya kwanta a ƙasa, ƙanƙara ta tsaya a sama. Muddin ba ta kai ga tushen ba, bado barci kawai yake yi.

Kainuwa kam baƙuwa ce kamar mu. A gida dashen Allah ake ce mata, ba mai kula ta, amma a nan da kuɗi ake sayen ta, kuma daren farko da ruwa ya daskare ya ishe ta narkewa. Saboda haka mukan ɗebi masu lafiya mu sa a roba kusa da taga a cikin ɗaki, sauran mu kwashe. Abin da muka kwaso yakan kwana a bakin ruwa, don ƙwarin da suka maƙale su samu su koma.

Babban abin tsoro shi ne ruɓa. Ganyen bishiya da ya faɗa ruwa yana ruɓewa ya shanye iskar da ke ciki, in ƙanƙara ta rufe saman, kifi da kwaɗo su shaƙe. Shi ya sa muke shimfiɗa raga tun kafin ganye ya fara zuba. In ruwan ya daskare, ba ma fasa shi da guduma, don girgizar na cutar da kifi. Tukunyar ruwan zafi muke ɗorawa har ta huda ƙofa. Abinci ma mukan rage musu da zarar ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10.

Daga nan sai haƙuri. Wata huɗu ko biyar kududdufin zai zauna shiru kamar kango, har yara su riƙa tambaya ko badon ya mutu. Mukan ce musu kada su tono shi don su duba, su bari Afrilu ta zo, za su ga jan ganye ƙarami ya leƙo daga ƙasa. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.