Kwana Biyu Tsakanin Tsafe, Gusau Da Bunguɗu

Aboki, da hantsi muka bar Funtuwa, domin hanyar nan ba a yi mata sammako, ba a kuma bari yamma ta riske ka. Muna wuce 'Yankara sai ga duwatsun Tsafe.

Wani shirin tsafta da mutanen gari ke jagoranta da kansu ne ya kai ni. Na ɗauka masai ake gina wa mutane, kamar yadda ake raba gidan sauro. Ashe ko bulo ɗaya ba a bayarwa. Wani malamin lafiya ya warware mini: a taru a ƙofar mai unguwa, a zana taswirar gari a ƙasa, kowa ya nuna inda yake zagayawa, har kunya ta sa jama'a su yanke shawara da bakinsu. Wani Ba'indiye, Kamal Kar, shi ya fara dabarar a Bangaladash wajen 2000. A 2022 aka shaida Jigawa a matsayin jihar farko a ƙasar nan da ta daina bahaya a fili.

A wani ƙauye wata dattijuwa ta ja ni bayan ɗaki. Rami ne da murfin katako, an kewaye shi da zana. Gefe ga jarka a rataye. Ka taka sanda ruwa ya tsiyayo, ga toka a gwangwani a madadin sabulu. Na ce, "Inna, wa ya yi miki?" Ta ce jikanta, kuma haƙa na biyu ke nan, damina ta rufta da na farko. Na tuna unguwarmu a Kano, inda kwata kan toshe kowa na jiran duba-gari.

Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, muka kwana a Gusau. Da safe wani ma'aikaci ya nuna mini littafin ƙidayar masai, gida-gida. Aiki ne na gaske. Sai dai ni a wurina ramin da aka sake haƙawa bayan damina shi ne ma'auni, ba a kuwa ware masa layi ba.

A Bunguɗu na iske iyali uku da 'yan bindiga suka koro, suna raɓe a gida ɗaya, masai ɗaya. Wani magidanci a gidan ya ce kowannensu ya haƙa nasa a ƙauye, can suka baro shi. Amai da gudawa na 2021 bai fita ransa ba. Ya nuna mini kusurwar da ya shata da gawayi, ya ce yana so ya gama ramin kafin ruwan farko.